Kayan da Na Bar Ka Ka Ɗauka Kai Kaɗai

Zuwa ga mai sunan Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ban taɓa yi maka da baki ba. Allah ya sa motar da ta ɗauke ka daga Gwaram ta sauke ka Haɗeja lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a masauki da wurin aiki, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki. Allah ya sa wannan aikin malamin gona ya zame maka alheri, mu ma mu ci albarkacinsa, amin.

Na san za ka yi mamaki in ka buɗe jaka ka ga takarda tsakanin ƙuli-ƙuli da yaji. Kada ka yi wa rubutun dariya, ka san da girmana na koyi boko a makarantar matan aure. Kwana huɗu na yi ina fama da ita, da hantsi in na sauke tuya. Ƙanwarka Safiya ta ce in kawo ta rubuta mini, na ce a'a, na gaji da aikenta wurinka. Shekara ashirin da shida kana ɗan farina, ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa zama mun yi hira ba, sai dai "ki ce wa wancan ya zo ya ɗauki abinci." Haka muka taras. Haka uwata ta yi wa Kawunka Ado, kuma da haka ake yabon mace a Dingaya, a ce wance akwai kunya. To, abin da baki ya kasa, bari hannu ya gwada.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ina kakkaɓe ɗakinka na ɗaga katifa, sai ga takardar da likitanka na Birnin Kudu ya rubuta, wadda ya ce ka kai wa likitan can don a ci gaba da duba ka. Na tsare Safiya, ta yi ta kwana-kwana, daga baya ta faɗa mini gaskiya. Wai ka ce ka warke, ba za ka je baƙon gari a fara nuna ka da baki ba, in maganin hannunka ya ƙare shi ke nan. To, ga takardarka nan na naɗe ta a bayan tawa. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka yanke maganin nan, kada ka daina zuwa wurin likita. Na san ba ka ƙetare maganata, amma ba na so ka yi don na ce kawai. So nake ka ji irin wautar da na tafka a kanka shekara biyun nan, don wannan dabarar taka ta ɓoye abu a ƙarƙashin katifa, a nonona ka sha ta.

Ba sai na tuna maka ranar ba, amma likita ya ce gudun ambatonta shi ke ƙara mata ƙarfi, don haka zan ambata. Tsakiyar damina ce, ana ta marka. Matar Sabi'u, ɗan Kawunka Ado, ta haihu, ana gobe suna. Kuka hau babur kai da shi kuka tafi Basirka sayen goro da dabino. A hanyar dawowa bayan la'asar kuka taras rafi ya kawo, kuka shiga kuna tura babur, ruwa ya kwashe ku. Kai Allah ya sa hannunka ya kama saiwar bishiya. Sabi'u kuwa sai da safe aka same shi. Tabarmin da aka aro don suna, a kansu aka karɓi gaisuwa.

Kwana uku ana zaman makoki, ko ɗigon hawaye ba ka zubar ba. Mata suna shigowa suna cewa, "Kai, Inna, ɗan nan naki akwai tawakkali, namijin duniya ke nan." Ni kuwa, Allah ya yafe mini, har kaina ya yi girma. Ban tsaya na tambayi kaina ba, yaya za a yi mutumin da kuka tashi tare, kuke cin tuwo a kwano ɗaya, ya suɓuce daga hannunka a cikin ruwa, a ce idonka ya bushe ƙamas? Maimakon haka sai na kafa doka a gida, kada wanda ya sake ambaton Sabi'u a gabanka. Na cire hotonku na Sallah daga bango na jefa a akwati. In rediyo ta fara zancen ambaliya sai in miƙa hannu in murɗe. A tunanina ina rufe maka ciwo ne, ashe miki na rufe ba a wanke ba. Ka ji daga bakin wadda ta gwada: shiru ba shi ne haƙuri ba. Malamai ma sun faɗa mana hawaye ba ya ɓata tawakkali. In kuka ya zo maka a can, rufe ƙofa ka yi abinka, ka wanke fuska ka fito, babu abin da ya ragu a mazantakarka.

Da aka yi wata biyu, uku, sai abin ya fara fitowa fili. In ruwa ya sauka a kan kwanon rufi sai gumi ya karyo maka, ka toshe kunne kamar ana harbi. Ka daina zuwa gonar fadama, kai da ba ka yini ba ka leƙa ta ba. In za ka yi wanka ba ka iya zuba ruwa a ka. Kullum da safe idonka jajir, tuwo kuwa yadda aka kai haka ake dawo da shi. Ranar da bokiti ya kuɓuce wa Safiya ruwa ya malale a tsakar gida, tsawar da ka daka mata har maƙwabta suka leƙo ta katanga, kai da ko kaza ba ka iya kora da ƙarfi.

Nan fa masu ba da shawara suka yi mini caa. Wannan ta ce mutanen rafi ne suka shafe shi, waccan ta ce ai ba a fita daga irin wannan ruwa haka kawai, sai an biyo mutum. Na ce lallai iska ce. Gidanmu ya koma gidan hayaƙi, yau turare, gobe jiƙo, jibi rubutu, har tufafinka suka daina ƙamshin sabulu. Da abin ya ƙi, na ɗauke ka muka tafi Kiyako wurin Malam Isa, tunda kowa ya shaide shi a kan ruƙiyya. Zuwanmu na uku, bayan ya gama maka karatu, ya sallame ka waje ya ce in tsaya.

Ya ce, "Inna, ni dai na yi abin da na sani, ban ga alamar iska a jikin yaron nan ba. Tsoro ne ya zauna masa. Addu'a ba za mu fasa ba, amma ku kai shi asibiti, yanzu akwai waɗanda suka karanci irin wannan."

Na ce, "To, Malam, Allah ya saka da alheri."

Ina fita na taɓe baki. A mota har ce wa ta kusa da ni na yi, malamin nan tsufa ya kama shi, karatunsa ya yi sanyi. Ka ji fa! Mutum ya faɗa mini gaskiya kyauta, na tafi neman wanda zai faɗa mini abin da nake so in ji. Na kuwa same shi, wani da ba zan ɓata takardata da sunansa ba. Ya rufe ka a ɗaki ya turnuƙe ka da hayaƙin barkono, wai sai aljanin ya yi magana. Ina waje ina jin tarinka, ina cewa a raina, yauwa, ga shi nan zai fita. Da aka buɗe ka fito kana layi, majina da hawaye sun haɗe maka, ka dubi ƙasa ka ce, "Inna, ya isa haka?" Don haka ka riƙe wannan: duk wanda ya ce ka bar asibiti ka kama addu'a kaɗai, ko ka bar addu'a tunda kana shan ƙwayar likita, gaishe shi ka wuce. Malam Isa da likitanka ba su taɓa haɗuwa ba, amma magana ɗaya suka yi. Kuma duk maganin da sai an wulaƙanta ka kafin ya yi aiki, ba magani ba ne.

Akwai wata kuma, gajeriya ce amma ta fi ci mini rai. Da na ga iska ta ƙi fita, sai na ce to ko shaye-shaye ya fara? Na bincike ɗakinka kaf ban ga komai ba, duk da haka na kai ƙararka wurin Baffanka, tunda Malam mahaifinku ya riga mu gidan gaskiya. Ya tare ka a ƙofar masallaci ya zage ka tas a gaban mutane, har da mari. Ni da ke kwana gida ɗaya da kai, da na iya buɗe baki na ce "me ke damunka?" da ba a kai nan ba. In ka ga wani a wurin aikinku ya canza, ya daina shiga mutane, ya rame, kada ka yanke masa hukunci daga nesa. Matsa kusa ka tambaye shi, tambaya ba ta cin kowa.

Ana cikin haka Safiya ta dawo hutu daga makarantar koyon aikin lafiya. Kwana biyu tana kallonka, ranar na uku ta same ni ina matsar man gyaɗa.

Ta ce, "Inna, ciwon Yaya fa yana da suna, an koya mana shi. Yana kama wanda ya ga tashin hankali ya tsira. Kuma ana warkewa. Akwai likitan ƙwaƙwalwa da ke zama a Birnin Kudu."

Na ce, "Likitan me? Ke, rufe mini baki! Daga zuwa makaranta shekara ɗaya har kin isa ki ce yayanki mahaukaci ne? In aka ji mun kai shi can, wa zai ba shi mata? Ke kanki wa zai zo neman ki?"

Ta ce, "Inna, da a rasa miji da a rasa Yaya, wanne ya fi?"

Na ɗaga muciya, ta bar wurin.

Bari in faɗa maka abin da nake gani a idona duk lokacin da aka ce likitan ƙwaƙwalwa. Muna yara akwai wani tsohon soja a unguwarmu. An ce tun da ya dawo daga yaƙi bai sake zama daidai ba. In aka yi tsawa sai ya ruga ya shige ƙarƙashin rumbu yana rawar jiki. 'Yan uwansa suka gaji, suka sa masa mari a ƙafa suka ɗaure shi a wani ɗaki a bayan gida, ana tura masa tuwo ta ƙofa. Mu kuwa yara mukan leƙa ta taga mu buga gwangwani don mu ga yadda zai zabura, mu sheƙe da dariya. A ɗakin nan ya mutu. Abin da na sani ke nan game da ciwon kai irin wannan: mari, da ɗaki, da dariyar yara. Sai yanzu na gane bawan Allah nan ciwonku ɗaya da shi, shi dai bai zo a zamanin da aka san sunan abin ba. Kullum na yi sallah ina sa shi a addu'a.

Wata shida na ɓata ina jan ƙafa saboda bakin mutane. Abin da ya karya ni, wata rana da azahar ina bayan zana ina shanya gyaɗa, na ji kana ce wa Safiya a hankali, "Da ni ruwan nan ya tafi da kowa ya huta." Faifan hannuna ya faɗi. Washegari ni na fara shiga mota. Ina roƙonka da girman Allah, in irin wannan tunani ya sake zuwa maka, ko sau ɗaya, kada ka kwana da shi. A ranar ka faɗa wa wani, a ranar ka nemi likita.

Na shiga asibitin nan ina baza ido ina neman inda ake ɗaure mutane. Me zan gani? Benci ne kawai, mutane a zaune da katinsu kamar masu jiran awon hawan jini. Ga wani malamin makaranta da jakarsa, ga mai jego da goyonta, ga wani dattijo da carbi. Likita ya fi awa ɗaya da kai. Safiya ta ce tambayoyi ne a jere a takarda yake bi ɗaya bayan ɗaya: yaya barci, me kake gani a mafarki, me kake gudu, me ke sa gabanka faɗuwa, tun yaushe. An auna jininka ma, don a tabbata ba wani ciwon ne ya ɓuya ba. Sannan ya ce a shigo da ni.

Ya ce, "Hajiya, ke ce mahaifiyarsa?"

Na dubi bango na ce, "Ɗan gidanmu ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan fari ke nan. To, Hajiya, ɗan gidanku ba mahaukaci ba ne, hankalinsa garau yake. Kin san an ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya fito daga rafin nan, amma jikinsa bai yarda an fito ba. Ƙarar ruwa kaɗan sai zuciya ta ɗauka yau ce ranar. Aikinmu mu koya wa jikin cewa abin ya wuce."

Na ce, "Allura za a yi masa ko kwantar da shi za a yi?"

Ya ce, "Ko ɗaya. Ƙwaya ɗaya da safe, sannan duk mako ya zo mu zauna mu yi magana."

Wallahi a raina na ce, oh ni 'yasu, mun biyo mota tun daga Dingaya don a yi hira? Hirar ce babu a gida? Ban san gaskiya na faɗa ba, babu ita a gidan.

Kai ka fi ni sanin abin da ya biyo baya, amma bari in faɗa maka yadda na gan shi daga gefe, don wanda ke cikin ciwo ba ya ganin tafiyar da ya yi. Na ga an koya maka jan numfashi a hankali in gabanka ya faɗi. Na ga ana sa ka ba da labarin ranar, ka sake, ka kuma sakewa, ka dawo gida a gajiye kamar wanda ya yi huɗa, har na ce wa Safiya anya mutumin nan ba fama masa ciwo yake ba? Ta ce in yi haƙuri. Aka fara da sa ka zauna ana tsiyaya ruwa daga buta kana saurare. Daga nan ka je bakin fadama ka tsaya ka dawo. Da rani kuka je rafin kansa kai da Safiya, yana busasshe, kuka taka yashinsa. Da damina ta zagayo kuka koma yana gudu, ka tsaya a bakinsa har numfashinka ya daidaita. Kwanon tuwonka ya fara dawowa wayam. Ranar da ka shiga gidan Kawunka ka ɗauki yaron Sabi'u, wanda tun haihuwarsa ba ka iya haɗa ido da shi ba, ka ɗora shi a wuya yana ja maka hula, sai na shige madafa na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

To, wannan aikin ne kake so ka watsar a tsakiya? Kai ne malamin gona, ni mai tuya ce, amma ko ni na san ba a tuge gyaɗa don an ga ganye ya yi kyau. Likita ya faɗa a gabana, maganin nan ba a yanke shi rana ɗaya, shi zai riƙa rage maka da kaɗan-kaɗan in lokaci ya yi. Ya kuma ce in zuwa ya yi wuya wani mako, ana iya zaman ta waya. Kuma ka duba inda za ka. Haɗeja fa, garin ruwa! Aikinka a bakin kogi yake, yau fadama, gobe kwale-kwale. In abin ya motsa maka a can, wa ya san ka, wa zai gane? Ba na ce ka yi shela a kasuwa ba. Nemi mutum ɗaya mai hankali, ko abokin aiki ko limamin unguwa, ka faɗa masa. In Allah ya kawo maganar aure ma, kada ka ɓoye wa yarinyar. Wadda za ta gudu don wannan, gara ta gudu tun ba a kai lefe ba.

Bakin mutanen da kake tsoro kuwa, ni na riga ka jin tsoronsa, ga abin da na samu. Ko ɗaya daga cikinsu bai zo ya taya ni zama ba lokacin da kake ramewa. Yanzu kuma mata biyu sun zo mini a ɓoye, cikin waɗanda suka fi kowa iya zancen mutanen rafi, wai sayen mai suka zo, sai an jima a rage murya a ce, "Inna, wace rana ce likitan nan yake zama?"

Saura magana ɗaya. Ita ce ta fari a faruwa, na bar ta ƙarshe don hannuna ya ƙi rubuta ta. Zuwanmu na ƙarshe, da izininka likita ya faɗa a gabana cewa komai ya yi sauƙi sai ƙulli ɗaya: har yanzu kana cewa kai ka kashe Sabi'u, kai ka ce ku shiga ruwan. Ya dube ni ya ce ko akwai abin da zan ƙara. Na ce babu. Ƙarya na yi.

Ranar da ruwa ya kwashe ku, da la'asar muna gidan Kawunka, tsakar gida cike da mata ana dakan suna, ni ina tankaɗe. Wayar Safiya ta yi ƙara. Ta miƙo mini ta ce, "Inna, Yaya ne, ya ce ke yake nema." Mata suka ajiye taɓare suka hau shewa, wata ta ce, "Yau za mu ga Inna ta yi magana da ɗan fari!" Na kawar da kai na ce, "Me zan ce masa? Tambaye shi abin da yake so."

Ta saurara ta ce, "Ya ce rafi ya kawo sosai. Su koma Basirka su kwana, ko su taho?"

Na ce, "Kwana kuma? Gobe suna, goro yana hannunsu, uban jariri yana can? Ki ce su taho."

Ta ce, "Inna, ki ji muryarsa fa."

Na ce, "Ki ce su taho, na ce."

Na ci gaba da tankaɗena, ana yaba kunyata.

Ka tsaya a bakin ruwa, ka ji tsoro, ka yi abin da ɗa na gari yake yi, ka nemi uwarka. Da na karɓi wayar nan na ji yadda muryarka take rawa, na ji ƙugin ruwan a bayanka, wallahi da ban ce ku taho ba. A wurin makoki ina bayan zana na ji ka durƙusa gaban Kawunka ka ce, "Kawu, ni na ce mu shiga." Ka shafe zancen wayar don ka rufa mini asiri. Safiya ta buɗe baki, na harare ta ta yi shiru. Na yi ta yawo da kai gidan malamai ina neman abin da ya hau ka, alhali na san wani ɓangaren kayan nawa ne, na bar maka shi a ka.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je na sami Kawunka na faɗa masa komai. Ya ce, "Na daɗe da sani, matan da ke wurin ba kurame ba ne. Sabi'u kwanansa ne ya ƙare, ban riƙe ki ba, ban riƙe yaron ba. Jira kawai nake in ga ranar da za ki faɗa masa."

To, na faɗa. Ba don ka sauke laifin daga kanka ka ɗora mini ba, ko da yake in ka yi hakan ban ga laifinka ba. Likita ya ce abin da mutum ya sani bayan abu ya faru, ba shi ya sani kafin ya faru ba, kuma da ni da kai babu wanda ya nufi Sabi'u da sharri. Ina ƙoƙarin yarda da wannan. Na ce likita ya ce, don ni ma na koma wurinsa ni kaɗai, na yanki kati. Tun ranar rafin nan in waya ta yi ƙara kusa da ni sai ƙirjina ya buga, hannuna ya mutu, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ya bi ni da tambayoyin takardar nan tasa, ya ce in riƙa zuwa. Ka ga yanzu mu biyu ne a layi. In ka daina, ka ba ni hujjar dainawa, kuma ka san halina, ba na buƙatar hujja mai yawa.

Ka kai wa likitan can takardarsa, in ka ga dama ka haɗa masa da wannan shafin, ka ce ga abin da ya rage a labarin. Ranar da ka je, kana fitowa ka kira ni. Ba wayar Safiya ba. Na sa ta sayo mini tawa, ta rubuta maka lambar a bayan ambulan. Ban san me zan fara ce maka ba, wataƙila sai dai in tambaye ka ko ka ci abinci. Amma ko a tsakiyar matan Dingaya kaf nake, ko ana shewa har sama, zan ɗauka.

Ka yafe mini, ɗana.

Safiya da Kawunka suna gaishe ka. Allah ya tsare ka a kan tudu, ya tsare ka a bakin ruwa, ya ba ka barci mai daɗi da zuciya mai sanyi. Allah ya jiƙan Sabi'u da mahaifinku, ya raya abin da suka bari. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya. Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
daga Dingaya.